Gaisuwar da Malam Mu'awiya Ya Kai wa Kakata

Tun da muka dawo daga ƙauye ban ci abin kirki ba. Mama ta ce zazzaɓin damina ne, ta dama mini fura da nono mai sanyi, na kurɓa sau ɗaya na ture ƙwaryar. Ba zazzaɓi ba ne, jama'a. Ƙyama ce ta hana ni ci, kuma mutumin da nake ƙyamar shi ne wanda gidanmu gaba ɗaya ya yi ta share-share don tarbar kawunnansa.

Sunana Raihana. A Dogon Dutsi aka haife ni, a unguwar da ke bayan tasha. Babana tsohon mushe ne, wato malamin boko, ya koyar a lakwal, makarantar firamare, har ya yi ritaya, yanzu wake yake saye a ƙauyuka yana sayarwa. Ina shekara ta biyu a jami'a a Yamai, ina karatun al'ummomi da al'adunsu, wanda a jami'ar muke kira antropoloji. Yayana Sadiƙu, mai shagon kayan waya a bakin kwalta, tun ranar da ya ji abin da nake karantawa ya sa masa suna karatun gulma da tonon shirka. Baba ne kaɗai ya tsaya mini, ya ce ilimi ba ya ƙazanta mutum.

A cikin darussanmu akwai wanda ya fi kowane wuya, na manyan ra'ayoyin masana. A watan farko sai da na tsane shi. An fara mana da waɗansu Turawa na can da, masu cewa al'ummomin duniya kamar mutane ne a kan tsani, su suna can sama, saura suna ta hawa, wasu kuma har yanzu suna ƙasa suna roƙon itatuwa. Ina zaune a anfi, babban ɗakin lacca, ina rubutu, ina ji a jikina da kakata ake. Kaka Ajuma, mahaifiyar Baba, 'yar bori ce. Ko in ce ta taɓa zama, domin ta daɗe da ajiyewa, tun da hawan jini ya kayar da ita Baba ya durƙusa ya roƙe ta. Tana zaune a ƙauyenmu can bayan Tibiri tare da Gwaggo Zalika, ƙanwar Baba. A gidanmu ba a maganar borin Kaka. Idan baƙo ya tambaya sai Mama ta ce tsohuwa ce mai maganin gargajiya, ta canza zance.

Malam Mu'awiya shi ke yi mana bitar darasin a ƙaramin aji bayan babban malami ya gama nasa. Matashi ne, yana rubuta binciken digirinsa na dakta. Ranar da ya fara shigowa ya rubuta sunan wancan ra'ayi a allo, ya ja masa layi, ya ce waɗanda suka sassaƙa tsanin nan kansu suka fara ɗorawa a sama, shi ya sa da aka jijjiga shi ya karye. Ni da nake zaune a baya na ɗaga kai. Ban taɓa jin wani mai ilimi ya tsaya wa irin su Kaka ba.

Duk da haka na faɗi jarrabawar. Sai na koma na sake ta a ƙarshen hutu, abin da muke kira ratarapaj. Na samu lambarsa wurin ƙawata Samira, na tura masa saƙo ina tambayarsa littafin da zan karanta. Maimakon sunan littafi sai ya turo mini da murya, doguwa, yana yi mini bayani da Hausa tsantsa. Daga nan ya zama kullum da hantsi, ina tsince shinkafa ko ina wanki, wayata tana kan turmi tana magana. Ya koya mini masu cewa al'ada kamar gaɓar jiki ce, ko wadda kake ganin ba ta da amfani tana da aikin da take yi. Ya kawo misali da wasan taubasai, yadda zagi cikin raha yake kashe faɗan da zai iya raba dangi. Ya koya mini masu neman ƙashin bayan da ke ƙarƙashin al'ada, waɗanda suka ce aure musaya ne tsakanin gidaje, ka ba da ƙanwarka ka samu ta wani. Na rubuta masa cewa ni dai ba akuya ba ce. Ya turo da dariya, ya ce ko akuya ce shi ya riga kowa tayawa.

Kada ku yi mini dariya, amma a daidai nan zuciyata ta tafi. Na karanta saƙon ya fi a ƙirga, har shinkafata ta kama.

Ra'ayin da na fi so shi ne na ƙarshe da ya koya mini, na masu cewa ba za ka san mutane ba sai ka zauna da su, ka ci abincinsu, ka saurari ma'anar da su suke ba abin da suke yi, kuma ka nemi izininsu kafin ka ɗauki ko da kalma ɗaya daga bakinsu. Da na ji haka sai na saki jiki na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa a Yamai ba. Na ba shi labarin Kaka. Na gaya masa sunan doguwar, wato aljanar da take hawanta. Na gaya masa cewa har yanzu idan aka saka taken doguwar nan, ko a rediyo ne, hannunta yakan kama rawa sai an yi maza an kashe. Sai ya rubuto: "Kakarki taska ce, Raihana. Kada ki taɓa jin kunyarta." Na rungume wayar kamar shashasha.

Da hatsi ya fara fitar da kai sai ga Malam Mu'awiya a Dutsi, cikin motar da ya aro wurin wani abokinsa. Farar shadda ya sa mai ɗinkin hannu a wuya, da hula mai ruwan toka, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga zaure. Ya durƙusa wa Baba har ƙasa, suka yi ta hirar lakwal ta da. Ya bi Yaya Sadiƙu masallacinsu, ya dawo suna hira kamar tare suka tashi. Mama kuwa dambu ta yi masa da zogale, ta yanka zabi biyu, ta fito da faranta da kofunan da ba a taɓa su sai salla. Kafin ya koma masauki gidanmu ya gama yanke hukunci. Mama ta shigo ɗakina tana murza hannu, ta ce in gode wa Allah, dakta guda, ga addini ga ladabi, ɗiyar wance ma da take ta feleƙe direba ta samu. Aka tsayar cewa kawunnansa za su zo tambaya ranar Juma'a ta sama.

Shi ya kawo maganar zuwa ƙauye. Ya ce bai dace a yi tambayar aure ba a je an gaida uwar gida baki ɗaya ba. Ranar Baba ya tafi Ɗan Kassari sayen wake, sai Mama ta ce Yaya Sadiƙu ya raka mu. Na yi mamaki da Yaya bai yi gardama ba, shi da rabonsa da ƙauyen tun rasuwar kakanmu. Na sa atamfata mai ruwan goro, na yafa babban mayafi baƙi, na zauna a baya ina kallon gonaki. Hanyar duk ta yi kore, gawo tsirara a tsakiyar hatsi, amalanken jakai suna kauce mana. Da muka isa Yaya ya ce mu shiga, shi zai gaishe ta in za mu tafi. Ya kwantar da kujera ya toshe kunnuwansa da wa'azi.

Mun tarar da Kaka a ƙarƙashin rumfar zana tana ɓarar gyaɗar iri da ta rage. Ta ƙara ƙanƙancewa, tsagen Arawa da ke kumatunta ya nutse cikin tamoji, sandarta a gefenta. Gwaggo Zalika ta kai abinci gona. Malam Mu'awiya ya cire takalmi tun daga bakin danga, ya tsuguna, ya jera mata gaisuwa irin ta mutanen ƙauye har da tambayar bisashe. Ya ajiye sukari da sabulu da goro da turmin atamfa. Kaka ta kare ido da hannu ta dube shi sama da ƙasa.

"Wanga shi na mijin nawa? To, na ƙwace, ke nemi wani."

Muka yi dariya. Na ɗebo masa ruwa a randa. Da na miƙa masa ne na ga wayarsa a aljihun gaban riga, a tsaye, idon kyamarar ya leƙo waje. Na gani, amma zuciyata ta ce ai haka maza suke sa waya.

Hira ta fara da damina da ciwon gwiwa. A hankali ya karkato ta. Ya tambaye ta shekarar da aka yi mata girka, wato aka shigar da ita bori, da wanda ya yi mata, da ko tana da sauran kayan. Kaka ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, ta ce masa ta aje wannan aiki, ta yi wa ɗanta alkawari, kuma jikin ma ba ya ɗauka. Ya ce ai hira ce kawai. Ta ce hirar ma tana da masu ita, ba a kiran sunan mutum in ba a shirya masa wurin zama ba. Na taɓa gefen rigarsa na ce mu bar zancen. Ya yi murmushi ya duba agogo.

Ba a jima ba muka ji babur ya tsaya a waje. Maza biyu suka yi sallama, ɗaya da abu a cikin buhu, ɗaya da ƙwarya a hammata. Malam Mu'awiya ya miƙe da fara'a ya ce abokansa ne daga Tibiri, sun ji yana gari sun zo gaisuwa. Da mai buhun ya zaro goge sai na gane abin da ya kawo su. Shi kansa mai gogen da ya ga ko wace ce a zaune sai ya yi turus, ya gaishe ta da sunan girmamawa irin nasu, ya dubi Malam Mu'awiya kamar mai neman a sallame shi. Malam ya dafa kafaɗarsa ya ce ɗan kiɗa ne na nishaɗi, don tsohuwa ta tuna ƙuruciya.

Ya fara da wani sassanyan kiɗa wanda ba na kowa ba. Kaka ta sunkuyar da kai. Sai na ga Malam ya duƙa a kunnen mai gogen ya faɗi wani abu. Ban ji muryarsa ba, amma na karanta bakinsa. Sunan da na gaya masa ne. Sunan da na rubuta masa da hannuna ina jin daɗi wai na samu wanda ya fahimce ni.

Kiɗan ya canza. Gyaɗar da ke hannun Kaka ta zube. Ta yi wata doguwar hamma, ta sake yi, yatsunta suka fara rawa a kan gwiwa.

"Ku bari," ta ce, a hankali. "Ɗiyan ga, ku bari."

Na miƙe na ce su tsaya. Mai ƙwaryar ya ɗaga hannu, amma Malam ya yi masa alama ya ci gaba, ni kuma ya ce mini da Faransanci in dakata kaɗan, ba abin da zai faru. Wayar ta riga ta fito daga aljihu, tana hannunsa biyu.

Matar da ba ta iya zuwa bayan ɗaki sai da sanda ta miƙe tsaye cak. Ta yi wata ƙara da ba muryarta ba, ta yi taku biyu, ta yi sama ta faɗo da dukan nauyinta a kan ƙugu, dab da turmi. Na ji ƙarar faɗuwar a haƙorana. Zanenta ya kwance. Kallabinta ya yi gefe, furfurarta ta cika da ƙasa, inda take kwance kuma ya jiƙe. Kakata, wadda ko ni ban taɓa ganin gwiwarta ba.

Na juya wurinsa ina jiran ya jefar da wayar ya tallabe ta. Ya durƙusa dai, amma don ya matso da kyamarar. Har ya ja da gwiwa ya zagaya ta ɗaya gefen saboda rana tana bayanta, yana raɗa wa wayar bayani da Faransanci kamar mai ba da labarin kokawa. Farar shaddarsa ya tattare da hannu ɗaya kada ta taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasar.

Na fizge mayafina na rufe ta, na kwanta a kanta. A haka Gwaggo Zalika ta shigo da ƙwaryar abinci a ka. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta ajiye ƙwaryar ta ɗauki taɓarya, masu kiɗa suka fita ba sallama. Ta tallabo kan Kaka tana yi mata magana ƙasa-ƙasa, tana ba wanda ya zo haƙuri, tana cewa ba da saninsu aka kira shi ba. Can Kaka ta yi atishawa, jikinta ya saki. Ta nemi ruwa. Da ta sha sai ta dubi mayafin da ke jikinta, ta dubi ƙasa, sannan ta dube ni. Ta juya fuskarta wajen zana.

Mun kai ta asibitin Tibiri a motar. Aka ce ba karaya, amma ƙugun ya kumbura kuma jininta ya hau sosai, sai ta kwanta. Gwaggo ta ƙi karɓar komai daga hannun Malam, ko ledar magani sai da ta bi ta hannuna. Da za mu tafi ta riƙe ni a bakin ƙofa ta ce: "Mun ga miji, Raihana. Allah shi ba da zaman lahiya."

Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

A hanyar dawowa shi kaɗai ne mai walwala. Yana tuƙi yana buga sitiyari da yatsu, yana cewa ya yi shekaru yana neman irin wannan, hawa na gaskiya ba na 'yan wasan biki ba, a wurin tsohuwar da aka yi wa girka tun kafin a lalata abin. Ya ce babin tsakiyar bincikensa ya samu. Na ce masa ya goge. Ya dube ni ta madubi kamar na ce ya ƙone gonar hatsi.

"Raihana, ke fa ɗaliba ce. Nan gaba kaɗan ba sauran masu wannan abin. In ba mu adana ba wa zai adana?"

"Ta ce ku bari, Malam. Da bakinta ta faɗa."

"A irin wannan hali ba ita ke magana ba. Kuma za a rufe fuskarta, ba wanda zai gane ta."

"Fuskarta ce kaɗai a buɗe?"

Yaya Sadiƙu, wanda bai ga abin da ya faru a ciki ba sai ɗaukar Kaka da aka yi zuwa mota, ya cire abin kunnensa ya ce in rage murya, ba a yi wa miji tsawa tun a waje. Ya ce ai Malam ya gaya masa komai tun a masallaci, yana tattara hujja ne a kan shirkar da ta rage a ƙauyuka don masu wa'azi su san inda za su sa ƙarfi, aikin lada ne. Na dubi ƙeyar Malam Mu'awiya. Ni ya ce mini Kaka taska ce. Ita ya ce mata gaisuwa ya zo. Wurin Yaya kuma ya ce jihadi yake yi. Kowa ya auna masa da mudun da yake so. Ƙamshin turaren nan da nake ɓoye fuska in shaƙa ya cika motar, na ce a tsaya, na fita na yi amai a gindin wata sabara.

Da na gaya wa Mama sai ta tashi ta tura ƙofa. Ta ce Kaka ta saba faɗuwa tun kafin a haife ni, ba yau ta fara ba. Ta ce namiji mai neman abin kansa dole wani lokaci ya yi abin da ba daɗi, kuma in na kuskura maganar ta kai kunnen Baba, ni da ita ne. An gaya wa Baba cewa santsi ne ya kwashi Kaka a bakin randa. Mama ta ci gaba da shirinta, ta sa aka shafe zaure da farar ƙasa, ta aiko mai ɗinki ta auna ni. Ina tsaye ana zagaya mini da igiyar awo, ina jin kamar kayan da za a kai kasuwa, na tuna wancan ra'ayi na musaya da na yi wa dariya.

Saƙonninsa ba su tsaya ba. "Gimbiya, har yanzu fushi ake?" Ban amsa ba. "Na tura wa Kaka addu'a, Allah ya ba ta lafiya." Ban amsa ba. Ya turo murya a kan darasin da ya rage mana, na kasa saurare, muryar da nake kwana da ita a kunne ta koma mini kamar kukan ƙuda. Na buɗe takarduna in yi karatu da kaina, kowane shafi shi nake ji. Sai ya rubuto wanda ya ƙarasa ni: "Kada ratarapaj ya dame ki. Kin san ni nake taya babban malami gyaran takardu. Taki tana hannuna."

Ku gaya mini, alkawari ne wannan ko gargaɗi? Na tura wa Samira, ta ce duka biyun ne, in yi haƙuri in lallaɓa shi har sakamako ya fito. Na so in bi shawararta. Amma ranar Gwaggo ta kira ta ce an sallame su daga asibiti, sai dai Kaka ta ƙi fita tsakar gida ko da an tallabe ta, ta ce ba ta son maƙwabta su gan ta.

Jiya Alhamis, bayan la'asar, ya zo yi wa Baba bayanin waɗanda za su zo. Suna zaune a zaure su uku da Yaya Sadiƙu, Mama ta ba ni tiren shayi ta ce in kai in fito, kada in tsaya. Na sa hijabina mai ruwan ƙasa, ko kwalli ban sa ba. Na durƙusa na ajiye tiren. Baba yana cikin fara'a, ya ce tunda ga ni ga shi, yana so ya ji daga bakina kafin manya su taru, domin shi ba ya ba da ɗiya sai da yardarta.

Na ji motsin Mama a bayan labule.

"Baba, kafin in amsa, ka ce ya ba ka wayarsa ka ga gaisuwar da ya kai wa Kaka."

Malam Mu'awiya ya yi 'yar dariya ya ce ƙuruciya ce, wani ɗan aikin bincike ne da ba ta gane ba tukuna. Ya fara kawo sunayen ra'ayoyi da Faransanci, yana cewa Baba ai malami ne, ya san darajar adana tarihi. Baba bai katse shi ba. Ya bari ya gama, sannan ya miƙa hannu, tafin a buɗe, kamar yadda yake yi wa ɗan lakwal da ya ɓoye abu a aljihu. Ba yadda Malam ya iya. Ya buɗe ya ba shi.

Kukan goge ya cika zauren. Yaya Sadiƙu ya fara neman tsari, Baba ya ɗaga masa yatsa ya yi shiru. Na ji muryar Kaka tana cewa ku bari. Na ji faɗuwar. Baba ya cire tabarau, ya kife wayar a kan tabarma tun kafin ta ƙare, kiɗan yana ta fita daga ƙarƙashinta.

Da ya buɗe baki muryarsa ba ta tashi ba. Ya sa Malam ya goge abin a gabansa. Malam ya goge, amma ya faɗa da ƙaramar murya cewa ya riga ya tura wa malaminsa. Baba ya gyaɗa kai, ya ce ya gaya wa kawunnansa kada su wahalar da kansu gobe, ya kuma ɗauki takalminsa. Malam ya fita bai ko dube ni ba. Baba ya ce wa Yaya Sadiƙu shi da aka aika rakiya ya zauna a mota, zai dawo kansa daga baya. Sannan ya juyo gare ni.

"Taken nan, mutum nawa ne suka san shi a gidan nan? Wa ya gaya masa?"

Na ce ni ce.

Ya mayar da tabaransa. Ya ce shekara da shekaru yana faɗa da mutane a kan karatuna, yana cewa ilimi ba ya ƙazanta mutum. Ya ce bai san karatun da ake koya wa yaro ya kai baƙo ɗakin uwarsa a tsiraita ta ba ne. Na ce Baba ba haka aka koya mana ba, akasin haka aka koya mana. Ya ce to wanda ya koya mini ɗin ne ya gani yanzu a waya.

"Ba za ki koma Yamai ba," ya ce. "Ɗauke tiren nan."

Na ɗauka. Shayin ko zubawa ba a yi ba. Mama ta ba ni hanya a bakin labule ba ta dube ni ba, tun jiya kuma ba ta yi mini magana ba. Takarduna suna can a kan gado inda na bar su, jarrabawa tana matsowa, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne har yanzu ina son karatun nan. Mutumin ne ƙazami, ba abin da ke cikin littafin ba.

Baba in ya yanke magana ba ya komawa. A duk duniya mutum ɗaya ce take cewa ya bari ya bari, tana can kwance a ɗaki a bayan Tibiri ta juya fuskarta bango saboda ni. Yau da safe na roƙi Baba izinin in je in yi jinyarta. Ya ce in je, in ta yarda in shiga ɗakin.

Ina rubuta muku wannan ne a tasha, jakata a kan cinya, ana jiran mota ta cika. Na kira Gwaggo Zalika na gaya mata ina hanya. Na ji ta rufe wayar da hannu tana magana da wani a gefe, sannan ta dawo ta ce Kaka ta ce in taho, amma in taho ni kaɗai, kuma in bar wayata a bakin danga.